Na Sama da Kyautar Barkwanci

Sana'arsa gyaran fanka, amma a layinsu Na Sama ake kiransa, domin tun yana saurayi ba shi da zance sai na taurari. A shagonsa, tsakanin fankokin da aka ciccire wa fukafukai, ya rubuta littafinsa na farko: labarin mutanen da ranar duniyarsu ta mutu, suka shiga kumbo suna neman sabuwa. Yana rubutu yana share hawaye. Da matarsa ta karanta sai ta ce, "Maigida, duk wannan tafiyar ba wanda ya yi wanki?" Ya yini bai kula ta ba, sannan ya koma ya ƙara babi guda.

Littafin ya karɓu wajen ɗalibai, har wani darakta ya biyo shi shago, ya ce ya tsara masa shi a matsayin fim. Ranar da Na Sama ya je wurin ɗauka, ya tarar kumbon tsohuwar tankar ruwa ce da aka shafa wa fenti. Halittun duniyar da kumbon ya sauka kuwa surukan darakta ne, kowa da matatar koko a ka. Jarumin na tsaka da bankwana da rana, hularsa ta zamo ta rufe masa ido, ya yi karo da bango. Darakta ya ce a bar shi haka.

Da fim ya fita, mutane suka cika sinima suna dariya har da riƙe ciki. A bikin karramawa aka kira Na Sama a matsayin gwarzon marubucin barkwanci. Ya ƙi tashi.

"Ni ban rubuta abin dariya ba," in ji shi.

Matarsa ta zungure shi. "Tashi ka karɓo, ka yi min bayanin a gida."

Ya hau dandamali fuska a murtuke, ya gargaɗi jama'a cewa rana ma tana da ajali. Aka kwashe da dariya, aka miƙe ana tafi.

Littattafai da finafinai suka biyo baya, lambobin yabo suka cika saman kabad, duk na barkwanci. Da ya manyanta ya haƙura, ya zauna ya rubuta labarin ban dariya da gangan. Darakta ya karanta ya bugo waya, ya ce bai taɓa ganin abin tausayi irin wannan ba. Na Sama ya ajiye wayar, ya ce wa matarsa ta miƙo masa maganin hawan jini.