Takalmin Birkin da Mahaifina Ya Aro

A shekarar da gwamnati ta hana acaɓa a Kano birkin babur ɗina ya mutu. Dokar ba ta shafe ni ba, don ban taɓa ɗaukar fasinja ba, amma ta shafi kasuwa. Masu sayar da kayan babur da yawa sun juya ga kayan Adaidaita Sahu, 'yan acaɓa suna ta kai baburansu ƙauye ko wurin 'yan gwangwan, makanikai kuma kowa ransa a ɓace.

Babur ɗin na mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. Tsohon ƙirar Ingila ne, baƙi, mai nauyi kamar maraƙi, da shi ya riƙa shiga rugage lokacin yana aikin allurar shanu. Da aka raba gado babu wanda ya so shi cikin 'yan'uwana, sai ya faɗo a rabona. Shi nake hawa daga Zaitawa zuwa zauren da nake koyar da karatu. Wata rana a wani lungu na Dukawuya akuya ta gifta, na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa babur bai rage gudu ba. Katangar wani gida ce ta tsayar da ni.

Makaniken unguwarmu ya kwance tayar baya ya nuna mini takalmin birki, wato ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata da ke kama cibiyar taya idan an taka. Sun cinye, ɗaya har ya tsage. Ya ce na baburan yanzu ba za su shiga ba, sun yi ƙanana. Ya ce a duk cikin ganuwa mutum ɗaya ya sani mai irin wannan babur, wani tsohon makanike a Yakasai da ya daɗe da barin aiki, nasa yana ajiye a zaure ba ya hawa.

Na naɗe ƙarafan a tsumma na tafi. Na same shi zaune a kan benci a ƙofar gida, tsoho busasshe mai farin gemu, ga babur can cikin zaure an lulluɓe shi da buhu. Na yi sallama ya amsa a daƙile. Na faɗi unguwarmu da gidanmu, sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Kai ɗan malamin shanu ne?"

"Ni ne, Baba."

"Buɗe tsumman nan in gani."

Na buɗe. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya kankare tsatsa da farce, ya nuna mini wata 'yar alama da aka sara da kurfi a bayan ƙarfen.

"Hannuna ne wannan. Ka zo saye, ko ka zo ka nuna mini yadda kuka gama da kayana?"

Na ce ban gane ba. Ya ce ai ba zan gane ba, tunda gidanmu ba a gadon tuna alheri. Ya ce wata shekara annoba ta shiga shanu, aka tura mahaifina daji babu shiri alhali birkinsa ya lalace. Ya zo ya roƙe shi, shi kuwa ya kwance na jikin babur ɗinsa, sababbi fil, ya ɗaura masa da sharaɗin in ya dawo ya maido. Da mahaifina ya dawo sai ya aiko yaro da kuɗi a ambulan maimakon takalman. Shi kuma ya mayar da kuɗin, don a lokacin an riga an daina shigo da kayan irin baburan. Daga nan magana ta yi zafi, suka daina gaisawa, babur ɗin tsohon kuma bai ƙara taka titi ba.

"Baba, ai ranar jana'iza an yi sanarwa," na ce. "Kafin a sallace shi liman ya ce duk mai bin sa bashi ya zo ya faɗa. Ni da kaina na tsaya zan biya."

"Ina sahu na biyu, na ji."

"To me ya hana ka magana?"

"In miƙe a gaban gawa in ce ina bin ta ƙarfe biyu? Don ku samu abin ba da labari a Zaitawa? A'a. Na bar masa har mu haɗu inda babu ambulan."

Na karanta abin da malamai suka faɗa game da mamacin da ake bi bashi, na kuma koyar da shi ga wasu. Shekarun nan duka ina yi wa mahaifina addu'a da sakin zuciya, ashe akwai mai riƙe da shi. Na ce ya faɗi kuɗin komai yawansu. Ya yi wata dariya mara daɗi.

"Ɗan gidan ne kuwa. Malam, ƙarfe na bayar, ƙarfe nake bi."

"To ga naka nan, ka karɓa."

"Da nama na ba shi, ka kawo mini ƙashi, shi ma karyayye. Kwashe tarkacenka."

"Ka yafe masa don Allah."

"Kada ka haɗa ni da Allah a kan haƙƙina. Ku malamai da an taɓa ku sai ku jawo wa mutum aya."

Na tashi ina jin kamar in zage shi, amma sa'an mahaifina ne, kuma gaskiya tana wajensa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Daga ranar na shiga yawo. Na bi shagunan kayan babur, wasu su dubi ƙarfen su ce in kai gidan tarihi. Wani yaro mai shago ya ce, "Malam, ka sayar da shi a kilo ka huta, wannan ai ya girmi babana." Na kai wa mai walda ya ɗinke tsagewar, wani kuma ya yanko fatar birkin babbar mota ya dasa a kai da ƙusa. Na kai Yakasai da murnata. Tsohon ya buga shi a dakali sau ɗaya, waldar ta buɗe.

"Wannan za ka ba ni in hau in mutu? Ko so kake ka tura ni wurin ubanka da wuri mu yi shari'ar?"

Maƙwabtansa biyu da ke zaune suka kwashe da dariya. Na koma gida a ƙasa, ban iya cin abincin rana ba.

Damina ta shigo ta kusa fita ina nema. Duk ranar Alhamis da babu karatu sai in tafi Ƙofar Ruwa wurin 'yan gwangwan in yi ta tona tarin ƙarafa. Har sun saba da ni, in na doso sai su ce ga malamin birki nan. A wurin wani mai tsinke a baki na ga cibiyar taya a ƙarƙashin tulin sarƙoƙi, ta yi jawur da tsatsa, amma girmanta irin namu ne. Ya ga idona ya tsaya a kai, nan take ta zama zinariya. Ya ce ba ya sayar da cikinta sai duka, kuma ba za a buɗe ba sai na biya.

"In na buɗe na tarar babu komai fa?"

"Sai ka yi haƙuri, ba kai ne ke koya wa mutane haƙurin ba?"

Na biya. Aka jiƙa ta da baƙin mai aka buga aka buɗe. Takalman suna ciki, biyu, lafiyayyu, fatar da kaurinta kamar ba a taɓa taka su ba. 

Ba zan ɓoye ba, a hanya na yi tunanin babur ɗina da ke jingine a soro, da ƙafafuna da suka gaji da tafiya. Na san da wuya in sake samun wasu. Amma ban bi ta Zaitawa ba, don na san in na shiga gida da su makanike zan kira. Na wuce Yakasai kai tsaye.

Tsohon bai ce mini zauna ba, ni na zaunar da kaina. Ya juya su, ya shinshina, ya buga a dakali, ya sake bugawa da ƙarfi. Sannan ya shiga zaure ya yaye buhun, ya jawo akwatin sifanu daga ƙarƙashin gado. Na miƙa hannu in taimaka, ya doke shi.

"Gidanku ya taɓa wannan babur sau ɗaya, ya isa."

Ya daɗe yana fama, yana tsaki, yana zagin noti. Da ya gama ya ɗaga babur a kan jakinsa na ƙarfe, ya juya tayar baya da hannu har ta ɗauki gudu, ya danna birki. Ta tsaya cak. Ya sake juyawa ya sake dannawa. Ya kira maƙwabtan nan biyu da suka yi mini dariya, ya ce su matso su zama shaida.

"Kun ga ɗan malamin shanu ya maido mini kayana. Ba su kai nawa kyau ba, amma na karɓa."

Ya juyo gare ni yana goge hannu da buhu.

"Na ga kana kallon tayar. Kada ma ka fara, ba na ba gidanku aro."

"Ban ce komai ba, Baba. Maganar mahaifina fa?"

"Ni da ubanka mun gama, ba na bin sa komai duniya da lahira. Allah Ya jiƙansa. Tashi mini daga ƙofa, ka tare mini haske."