Allon Tsamiya

A shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon zane, malaminmu ya ce kowa ya samo sunan shagonsa da tambarinsa kafin a dawo hutu. Ya ce duk aikin da ya fita daga hannunka ka buga masa tambarin, ko da allon mai shayi ne. Abokaina suka yi rububin sunayen Turanci. Ni kuwa girman kai bai bar ni ba, na fi son sunan da ba wanda zai ce aro na yi.

Mahaifina mahauci ne a Talata Mafara, kuma a ganinsa fenti wasan yara ne, amma ya ba ni wani lungu kusa da rumfarsa. Sunan daga ƙauyen mahaifiyata na ɗauko shi, can wajen Maradun, inda wata tsohuwar tsamiya ke tsaye a gonar kakata, a bakin gulbi. Na sa wa shagon Gindin Tsamiya. Tambarin kuwa bishiyar ce kamar yadda take, har da reshen da aradu ta karya, sai layuka masu lanƙwasa a ƙarƙashinta, wato gulbin. Ina son tambarin nan kamar me.

Lokacin ana ta aikin dam na Bakolori. Manyan motoci na ratsa gari, in sun wuce har ƙudajen rumfar nama sai sun tashi. Maganar ruwa tana bakin kowa, amma ƙasa-ƙasa ake yin ta. Wani ɗan kwangila ya kawo mini aikina na farko: alluna masu yawa, jan rubutu a kan fari, wai iyakar ruwa. Ban tambayi inda za a kafa su ba, shi ma bai faɗa ba. Na buga tsamiyata a ƙasan kowane allo, har na ƙara mata girma don a hango ta daga nesa.

Ba a jima ba masu kawo dabbobi kasuwa suka fara zuwa da labari. An wayi gari an ga alluna a gonaki. Yawancinsu ba su karanta boko, hoton kawai suke gani, sai suka sa masa suna allon tsamiya. Duk gonar da aka kafa shi, mai ita ya fara haɗa kaya. Har mutanen Bakura suna tambaya ko ya iso wajensu. Ina jin su daga lunguna. Na so in sauke allon shagon, sai na tuna dariyar da mahaifina zai yi mini, na bar shi.

Wata Talata kawuna ya shigo kasuwa da shanu. Mutum ne da ke gane saniya da tambarinta ko cikin garke take. Muka gaisa, ya tambayi lafiyar gida, da karatu, da gajiya, sannan ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofa. Na kawo masa ruwa, bai sha ba.

"Ɗana, kai kaz zana wanga?"

"Ni ne, Kawu."

"Irin shi anka kafa gindin tsamiyarmu. Kakarka tac ce duk wanda yay yi shi ɗan gida ne, don har karyayyen reshen ya sani."

Na shiga yi masa bayani cewa layukan gulbi ne, ba ruwan dam ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce shi ya yarda, amma kada in taka ƙauyen yanzu, don rayuka a ɓace suke, kuma shi ba zai faɗa wa kowa ba. Ran nan na shafe allon da farin fenti, mahaifina na kallo, bai yi dariya ba.

Sai bayan ruwa ya ci gonar na je ganin kakata a sabon matsuguninsu, wani fako da ba inuwa. Ta rame. Ta riƙe hannuna tana shafa fentin da ya maƙale a farcena, ta ce ta ji na buɗe shago, wane suna na sa masa?

Kawu na zaune gefe, kansa a ƙasa. Na ce mata ban samu ba tukuna.