Shekara Huɗu Ba Goggo Yagana, Kofunanta Na Nan

Yau shekara huɗu ke nan da rasuwar Goggo Yagana, ƙanwar babana. Ina 'yar shekara goma sha biyu ta tafi, kuma har yau ba a samu wanda ya gaje ta wajen ja mini kunne ba. Duk wanda ya lura na hagu ya fi na dama tsawo, to aikinta ne.

Aikinta na gaskiya kuwa fassara ce. Likitocin ƙwaƙwalwa na wasu ƙasashe sukan tsara takardar tambayoyi don a gane wanda damuwa ta yi wa yawa, sai a kawo wa Goggo ta mayar da ita Hausa da Kanuri. In ta gama, wani malami da bai taɓa ganin ta asalin ba ya sake mayar da ita Turanci, a duba ko akuyar da aka aika ta dawo akuya ko ta dawo jaki. Akwai tambayar da ke son jin ko mutum ya daina jin daɗin fita yawo da karensa. Goggo ta yi dariya har da hawaye, ta mayar da ita zuwa biki da suna.

Amma mu ne muka fi ba ta wahala. A gidanmu da ke unguwar Mairi take gwada tambayoyin, mutanenmu kuwa ko kura na cin ƙafarsu, ka tambaye su "Alhamdulillahi" za ka ji. Takardar na son a zaɓa: babu, kaɗan, da dama, ko sosai. Kakata ta ce, "Ke Yagana, so kike in kai ƙarar Ubangijina wurin takarda?" Sai Goggo ta jera kofuna huɗu a faranti, na farko wayam, na ƙarshe cike da shayi. Ta ce, "Iya, ba sai kin ce komai ba, nuna kawai." Tsohuwa ta nuna. Ni kuma Goggo na juya baya na shanye "sosai" da "da dama", na mayar da binciken kimiyya baya da shekara goma.

Babana dillalin shanu ne, mutumin da in yana ciniki a Gamboru muna jiyo shi daga Mairi. Bara sai ya daina zuwa kasuwa. Ya wuni a ƙarƙashin dogon yaro, abinci ya taɓa ya ture. Kowa ya tambaya, lafiya lau. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Kullum ramewa yake, ni da ba na tsoron kowa sai ga shi ina tsoron mu rasa shi yana zaune a gabanmu.

'Ya ba ta yi wa uba irin wannan tambaya. Duk da haka wata rana bayan la'asar na ciro takardar Goggo daga akwatinta, na jera kofunan a gabansa.

"Baba, aikin makaranta ne."

"Ke Rediyo," haka yake kirana saboda surutuna, "ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na san kofunan nan."

Bai kore ni ba. Na karanta masa tambayar farko, kan yawan jin cewa ba abin da ke yi wa mutum daɗi. Ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya ɗora yatsa a kan cikakken. Haka muka bi su har ƙarshe, ina karantawa yana nunawa. Ranar shayin ya huce a wurin, ban taɓa ko ɗaya ba.

Goggo takan ce takarda ba likita ba ce, hanyar gidan likita take nunawa. Na faɗa wa Mama, ta faɗa wa Baffa, ya kai shi asibiti. Yanzu yana zuwa kasuwa kwana uku a mako. Muryar tasa iyakarta unguwar Lamisula tukuna, ba ta iso mu ba, amma sannu ba ta hana zuwa.

Nakan tambayi kaina me Goggo za ta ce da ta ga yau, da waya ke fassara shafi guda kafin mutum ya yi atishawa. Ina jin za ta yi murna, sannan ta nemi kunnen wayar ta ja, don waya ba ta san cewa dattijo ba ya kai kukansa gaban 'yarsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abokan aikinta sun ce fassarar tata, da hoton kofunan, ta tsallaka iyaka har Nijar da Chadi, inda ita kanta ba ta taɓa takawa ba.

Ba ta bar gida ko mota ba. Ta dai koya mana cewa mutum zai iya gode wa Allah kuma ya nuna inda ke masa ciwo. Shekaranjiya Baba ya dawo ya tarar da Mama ta yi tagumi a tsakar gida. Ya ce lafiya? Ta ce lafiya lau. Bai wuce ba. Ya jawo kujera, ya zauna, ya sake tambaya.

Allah ya jiƙan Goggo Yagana, ya haskaka makwancinta.