Tabarma a Cikin Akwati

Ina tsakiyar karatuna a Alƙahira aka kira ni in yi wa wata Hajiya tafinta. Shekarar da motocin soja suka cika tituna ce, kowa yana ta kansa. An ce mijinta ya rasu, ba ta jin Larabci, kuma babu mace ko ɗaya a kusa da ita.

Na same ta a wani gidan haya a unguwar Muhandisin, zaune a ƙasa, idonta a bushe. Mutanen Zariya ne. Ita Alhaji ya kawo asibiti saboda ciwon gwiwa. Da likita ya sallame ta, sai ya ce ba za su koma gida ba sai ya nuna mata Bahar Maliya. Suka bi masu yawon buɗe ido a jirgin ruwa zuwa wani tsibiri da ba komai sai yashi da tsuntsaye. Can ya yi alwala, ya zauna, ya dafe ƙirji, shi ke nan. Kafin a fito da shi gaɓa, a kawo shi Alƙahira a mota, kwanaki sun tafi.

Falon cike yake da ɗalibai maza, har sun gama shawara: a binne shi a nan. Gaskiyarsu, an ce a gaggauta da mamaci. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda suke yanke magana kamar matar ba ta gidan. Wanda ya fi zaƙewa ɗan ajinmu ne, gemu bai gama fitowa ba amma fatawa ta cika masa baki.

Hajiya ba ta musa ba. Sai ga wata dattijuwa daga unguwar Arba wa Nus, Bahaushiyar Sudan, ta zo ɗinka likkafani. Suna zaune Hajiya ta tambaye ta, "Su wa za su yi haƙa? Ina so a kai musu ruwa."

"Ma'alish, sai haƙuri, Hajiya," in ji dattijuwar. "Inda aka samo muku ba a haƙa. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa. A buɗe, a kwantar da shi kusa da gawarwakin da suka riga shi, a rufe ƙofa. Khalas, shi ke nan."

Hajiya ta dube ni. "'Yata, je ki gaya musu ban yarda ba. Tun da Alhaji ya bar aiki, ba a yi rasuwa a unguwarmu ba sai ya riga kowa zuwa maƙabarta da digarsa. Mutumin da ya haƙa wa rabin unguwa kabari ne za a hana ƙasa? Ni ya kawo. Tare za mu koma."

Na fita na isar da saƙon, kuma ban rage masa zafi ba. Ɗan ajin namu ya buɗe baki, na ce ya bari sai ranar da shi aka yi wa rasuwa. Wallahi daga nan suka ba ni mamaki. Su ɗin dai suka raba aiki, wasu ofishin jakadanci, wasu asibiti, wasu kamfanin jirgi, suna ratsa shingen sojoji a cikin rana. Mai fatawar ma shi ya fi kowa wahala.

Sai kuma wata matsala ta taso daga gida. Jirgi ba ya ɗaukar gawa sai a cikin akwatin ƙarfe a rufe. Da yayan Alhaji ya ji haka a waya, ina jin faɗansa daga inda nake zaune. "Akwati? Ɗan'uwana a akwati? Ba a taɓa yi a gidanmu ba. Gara ku bar shi can."

A nan na ga jikin Hajiya ya yi sanyi, ni ma tsoro ya kama ni. Washegari dattijuwar ta dawo da tabarmar kaba a naɗe, wadda ta zo da ita tun daga Sudan, take salla a kai. Ta ce a shimfiɗa a cikin akwatin, a naɗe shi a ciki bayan an yi masa sutura.

Hajiya ta sake kiran gida. "Yaya, ba a akwati yake ba, a tabarma yake. Akwatin na jirgi ne. In mun sauka Kano ku zo da makara, ku ɗauke shi da tabarmarsa, ku bar musu ƙarfensu."

Can muka ji ya ce, "To. Allah ya kawo ku lafiya."

Na raka ta filin jirgi, tana tafiya da gwiwar da aka gyara mata, ba ko sanda. Har muka rabu ba ta zubar da hawaye ba, abin yana damuna.

Bayan ta fara takaba ta kira ni. Ta ce samarin unguwa har rigima suka yi a kan wanda zai riƙe digar Alhaji. Ita tana cikin gida, ba ta ga komai ba, sai da maza suka dawo gaisuwa ta hangi jar ƙasa a ƙafafunsu da bakin rigunansu.

"A nan na yi kuka, 'yata," ta ce. "Na yi har na ƙoshi. Daga nan barci ya ɗauke ni."