Sandar Fatsa a Belbeji

Maigidana mutumin bakin kogi ne, daga can wajen Gaya. Ni kuwa a Tanut aka haife ni, inda ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na tabki. Aikin likitan dabbobi ne ya kawo shi Damargu, ya aure ni, ba mu daɗe ba aka tura shi Belbeji. Farkon shekarun tamanin ke nan, kafin babban farin nan da ya kwashe shanun mutane.

Bai cika ƙorafi ba. Yana shan fura, yana cin nama, ya koyi cin cuku da shayi har ya fi masu abin. Rashin kifi ne kawai ke damunsa. In direbobin manyan motoci suka kawo masa busasshe daga Damagaram, sai ya zuba a gwangwanin madara ya rufe, ya riƙa tsakura kamar magani. Ni ko warin ba na so. A gidanmu ba a taɓa dafa kifi ba, kakata ma cewa take yi maciji ne da ya rasa tsawo.

Wata damina ma'aikatan gandun daji suka zo da duro-duro a bayan mota, suka juye ƴaƴan kifi a babban tabkin bayan gari, wanda ke riƙe ruwa har bayan sanyi. Mutanen gari suka kalla, suka koma harkokinsu. Maigida kuwa tun daga ranar bai sake zama wuri ɗaya ba. Kullum da yamma sai ya je ya tsaya a bakin ruwa, hannu a baya, kamar mai duba gonarsa. Bayan kaka ya dawo wata rana ya ce mini sun girma, ya ga bayan wata tarwaɗa da idonsa, saboda haka yana bukatar sanda.

Na nuna masa sandunan da ke jingine a zaure. Ya ce ba irin waɗannan ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani da muryar da yake yi wa makiyaya bayanin ciwon huhu. Tabkin, in ji shi, ba shi da zurfi, ko a tsakiya ruwan bai wuce gwiwa ba, ƙasansa kuma laka ce da ciyawa. In aka jefa ƙugiya mai nauyi irin ta kogi, nutsewa za ta yi cikin laka. Tsutsar nan tana kuma, wadda suke saƙala wa ƙugiya a garinsu, babu ita a yashinmu. Amma lokacin da yake karatu a Yamai ya taɓa ganin wani Bature yana jefa ɗan ƙarfe mai walƙiya, yana janyo shi a hankali ta saman ruwa, kifi ya ɗauka ƙaramin ɗan'uwansa ne ya kai cafka. Wannan aikin kuwa sai da sanda doguwa, siririya, marar nauyi, wadda in an kaɗa ta kanta zai lanƙwasa ya dawo.

"To, Malam, ina za a samu irinta?" na tambaye shi.

"Ba a samunta, yin ta ake yi," in ji shi.

Neman itacen shi ya fi komai cin lokaci. Ya fara da karan hatsi, ya kaɗa shi a tsakar gida, rabin ya tashi ya faɗa mini a tukunyar miya. Geza in ta lanƙwasa ba ta dawowa. Sabara ta yi gajarta, aduwa ta yi nauyi. Ran kasuwa kuwa, duk makiyayin da ya zo gaishe shi, kafin ya gama tambayar iyali an karɓe sandarsa, an ɗora ta a kan yatsa ana awo, ana kaɗa ta a iska. Fulani suka fara ɓoye sandunansu a baya in sun hango shi. Wani tsoho ma har gida ya zo, ya tambaye ni ƙasa-ƙasa ko gwamnati ce ta sa a fara duba lafiyar sanduna.

Ya yi wa wani direba sautun gora daga kudu, ya jaddada masa cewa siririya yake so. Direban ya ga bai kyautu ya kawo wa babban ma'aikaci abin raini ba, sai ya zo da wata mai kaurin dantse, da ƙyar aka sauke ta daga mota. Da ita muka tokare rumfar girki.

A ƙarshe Bafillatanar da ke kawo mana nono ce ta gaji da jin zancen, ta yanko masa miƙaƙƙen reshen dargaza daga daji. Ya auna, ya kaɗa, ya yi murmushi, na san an dace. Gindin ya yi daidai, kan ne bai kai sirantar da yake so ba. Sai ya tuna da wata tsohuwar mota da ta mutu a bayan ofishinsu, kaji na ƙwai a cikinta, eriyarta na nan tsaye. Ya kwanto ta. Dargaza a ƙasa, eriya a sama, saura mai haɗawa.

Akwai wani tsohon maƙeri Buzu a gefen kasuwa, shi ke ƙera takubba da zobban azurfa, matarsa kuma tana aikin fata. Maigida ya kai masa kayan, ya tsuguna ya zana masa komai a yashi: inda za a haɗa, inda za a sa ƴan zobban waya da zare zai bi ta ciki, da inda za a ɗaure gwangwanin tumatir na naɗe zaren. Ya yi ta maimaita masa kada ta yi nauyi. Tsohon ya gyaɗa kai, ya yi tambaya ɗaya tak, wai sandar ta wane ne. Maigida ya ce tasa ce. Tsohon ya ce to ya gane.

Washegari Maigida ya tafi rangadin allurar shanu, ya yi makonni a daji. Ranar da ya dawo, tsohon ya zo gidanmu da kansa cikin rigarsa ta fita, matarsa na biye, sandar a naɗe cikin zane. Aka shimfiɗa tabarma, aka warware.

Ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. An lulluɓe dargazar da jar fata mai zanen kore da baƙi. Zobban na tagulla ne, kowanne ya kai kaurin abin hannu. Gindin an yi masa kai irin na takobi. Tuntaye na lilo tun daga mariƙi har kan eriya, a can ƙarshe ga ƴar ƙararrawa. Gwangwanin tumatir kuwa tsohon ya jefar da shi don kada a yi abin kunya, ya ƙera wani na jan ƙarfe mai murfi, har da ɗan kwaɗo da makullinsa. Maigida ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya yi sauri ya ƙara na biyu. Taɓaryata ta fi ta dama-dama.

"Baba, ai marar nauyi na ce."

"Likita, ka ce mini taka ce," in ji tsohon. "Mutum kamarka ba ya riƙe tsirarar sanda a gaban jama'a. In an tambayi wanda ya yi ta, me za a ce da ni?"

Tun daga shayin farko har na ƙarshe ana ja-in-ja. Duk abin da Maigida ya nemi a cire, sai tsohon ya yi ajiyar zuciya kamar haƙorinsa za a zare. Da aka zo kan tuntaye, matar ta juya baya, ta jawo ni gefe.

"Ƴata, mijin nan naki lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Na ce mata lafiya lau, al'adar mutanen kogi ce, sandarsu ba ta sa kaya. Da suka ji al'ada ce sai suka sassauta, don ba a gardama da al'adar mutane ko da ba ta da kyan gani. Aka koma kan zobban waya da gwangwanin tumatir, aka bar jar fata a wurin riƙo da tuntu guda, wanda tsohuwar ta rantse in aka cire shi ba za ta ƙara taka gidanmu ba. Sauran tuntayen ni na gaje su, na rataye a ɗakina.

Saura ƙarfe mai walƙiya. Maigida ya roƙe ni cokali ɗaya daga kayan aurena. Na ba shi wanda ya fi tsufa, ya juya shi a rana ya ce ba ya ɗaukar ido. Wanda ban taɓa sa wa baki ba, wanda nake ajiya don baƙi, shi ya yi masa. Tsohon ya datse mariƙin, ya huda shi sama da ƙasa, ya saƙala ƙugiya.

Maigida ya so ya gwada ta ba tare da idon jama'a ba, to amma tabkin nan ne mashayar kowa. Ni ma na ɗauki wanki, na ja maƙwabciyata muka bi bayansa. Ya naɗe wando, ya shiga ruwa kaɗan, ya ɗaga sanda ya kaɗa. Cokalin ya yi baya, ya kama bakin rawanin wani Buzu mai raƙumi da ke tsaye yana kallo. Maigida bai sani ba, ya ji nauyi, ya ja da ƙarfi. Rawani ya fara warwarewa. Buzu kuwa gara ya faɗa rijiya da a ga bakinsa a fili, sai mutumin ya dafe fuska da hannu biyu ya bi zaren da gudu har cikin ruwa. Suka tsaya su biyu cikin laka, ɗaya na ba da haƙuri, ɗaya na naɗi. Ni da maƙwabciyata muka cusa kai cikin wanki.

Bayan haka ya iya jifar. Sandar kam ta yi, kanta na lanƙwasa yana dawowa yadda ya so, cokalin na tafiya yana ƙyalli a saman ruwa. Ciyawa ya yi ta kamawa, sai wata balbela da ta ɗauki abin da gaske ta riƙa bin cokalin da ƙafa. Makiyaya suka yi shawara a tsakaninsu, suka gano cewa Likita magani yake sa wa ruwa. Washegari kowa ya koro garkensa daidai inda yake tsaye, shanu suka dama wurin ya zama kunu, masu su na yi masa godiya. Ya yi musu bayanin kifi. Suka gyaɗa kai, wani ya ce ai gaskiya ne, kifi ma dabba ne, yana da hakkin allura. Ya koma wancan gefen tabkin, suka bi shi da shanun. Dole ya mai da fitarsa bayan sallar asuba.

Wata safiya ina daka sai na ji hayaniya a ƙofar gida. Ga shi nan, wando a jiƙe, laka har ƙugu, yana riƙe da tarwaɗa mai tsawon kamu ɗaya, mutane na biye da shi. Ya saka ta a darona, ya ce in dafa, ya canja kaya ya ruga ofis don ya makara.

Na ɗauka ta mutu. Na kawar da kai na zuba mata ruwa don in wanke. Tana jin ruwa ta motsa gashin bakinta, ta yi wani gurnani, ta yi tsalle ta dira a ƙasa, ta nufo ni da jan ciki. Ban san lokacin da na hau turmi ba. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga, ta shigo don ta taimake ni, tana ganin gashin bakin ita ma ta nemi wurin hawa. Da ƙyar muka kifa mata daro, muka ɗora dutsen niƙa a sama, muka zauna nesa muna jin tana bugun ƙarfe.

Da Maigida ya dawo da azahar bai tarar da abinci ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ɗaga daron, ya gama da ita, maƙwabciyata na tambayarsa ta bayan danga ko ya fuskantar da ita alƙibla. Ya tsuguna gaban murhu da kansa, abin da ban taɓa gani ba, ya dafa ta da kauɗar tumatir da albasa da barkono. Sannan ya je ya gayyato tsohon maƙerin, don shi ya kamata ya fara ɗanɗana abin da sandarsa ta kamo.

Tsohon ya zo da fara'a, da alama rago ya sa a ransa. Aka buɗe kwano, ya leƙa, ya tambayi ko mene ne. Da aka faɗa masa sai ya ja da baya a hankali. Ashe duk zatonsa Likita fitar da abubuwan nan yake yi daga ruwa don dabbobi su sha mai tsabta, har yana yaba masa a kasuwa. Bai taɓa kawowa a ransa ci za a yi ba. Ya ce cikinsa ba ya masa daɗi tun jiya, ya sha shayi, ya yi addu'a, ya tafi.

Maigida ya zauna shi kaɗai gaban kwano, kansa a ƙasa. Tausayinsa ya kama ni. Na matso na gutsuri kaɗan, na toshe hanci na haɗiye. Ya yi kama da kazar da ta yi wanka a tabki. Ya tambaye ni yaya na ji, na ce ba laifi. Da ya tashi wanke hannu na ƙara gutsura, wannan karon ban toshe hanci ba.

Tukunyar da aka yi girkin a ciki babu maƙwabciyar da ta sake aronta, ko ranar suna. Shi kuwa ya ci gaba da fita da asuba har tabkin ya ƙafe. Abin da ya kama a shekarar bai cika daro ba, amma duk wanda ya shigo da shi sai ya ba ni labarin yadda suka yi kokawa, ni kuma ina jiransa da albasa a yanke.