Burtsatsen Yaya Umaru Mai Ruwan Zafi

Jega

Ana sallame sallar asuba na tayar da mashin, shida saura kwata. Jiya yayana Umaru, manomin albasa a Karaye ta Maiyama, ya kira ni a waya. Burtsatsen da ya sayar da shanunsa ya haƙa, ruwan zafi yake fitarwa, har ya dafe masa irin albasa fangali shida. Ya rantse yau zai toshe shi.

Aliero

Minti ashirin na isa gidan Dakta Rabi, ɗiyar kawunmu, mai koyar da ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Muka sha kunu da ƙosai, muka shiga motarta bakwai da rabi, muka sake ratsa Jega. A shingen hanyar Maiyama ɗan sanda ya ga ma'aunin zafi a kujera.

"Hajiya, asibiti za ku?"

"Rijiya za mu auna ma zazzaɓi," in ji ta. Ya saki baki, ya ɗaga mana hannu.

Karaye

Tara da kwata muka isa gonar. Ga siminti an jibge, ga mutane cirko-cirko daga nesa. Aka kunna famfo. Wallahi tururi na gani yana tashi! Na tsoma hannu na fizge, ina salati.

"Ka gani ko?" in ji Yaya. "Sun ce gidan mutanen ɓoye munka huda."

Rabi ta auna, ta sake aunawa. Sai ta ɗago ta dubi Yaya.

"Yaya, ƙasa ce haka. Duk yadda aka nitsa, zafi ƙaruwa shikai, ruwan da ke kwance cikin yashin can ƙasa sai ya ɗauka. Amma ban taɓa iske mai zafin wanga a yankinmu ba. Wasu ƙasashe da gangan suke haƙo irinsa, su busar da amfanin gona, su yi kiwon kifi. In ya fi haka zafi, har lantarki ake samu."

Yaya ya zauna daɓas a kan kunya.

"Rabi, ki ji tsoron Allah. Tun kakanninmu bisa tukunya muke noma?"

Ta ce a gina kwatarniya babba da simintin nan, ruwan ya kwana ya huce kafin a ba shuka. Ta cika kwalabe uku za ta gwada. Kafin azahar Yaya da kansa ya ɗauki fartanya yana shata wurin ginin. Muka ci dafa-duka, muka juyo ƙarfe huɗu da rabi.

Gida

Na ɗauki mashin a Aliero, na shigo Jega ana kiran magariba, Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Rabi da alheri. Na iske maiɗakina tana hura wutar ruwan wankana, hayaƙi ya cika mata ido.

"Malam, lafiya kake kallon ƙasa haka?"

Na rasa ta inda zan fara ba ta labari.