Darasin Inna a Bin Omran

Ni 'yar fari ce, Innarmu kuwa Bakatsiniya ce ta ainihi, irin waɗanda suka ɗauki kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta kiran sunana, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. In tana da magana sai ta faɗa wa wani, ni kuma in tsinta. Da na haihu a Doha maigidana ya nema mata bizar wata uku ta zo wankan jego, sai jaririn ya zama ɗan aikenmu. Tana yi masa wanka za ka ji ta ce, "Maigida, ka gaya wa masu gidan nan kunu ya huce." Ina zaune a gabanta fa!

Ranar rigakafi muka je asibitin unguwarmu ta Bin Omran. Ina rungume da yaro, ma'aikaciyar ta miƙa wa Inna biro ta sa sunanta a matsayin 'yar rakiya. Inna ta jujjuya biron, ta waiga tana neman tawadar dangwale, babu. Ni na karɓa na rubuta. Sai da muka shiga gida ta ɗauki jikanta ta ce, "Maigida, wai an ce akwai masu bin ƙauyukan wasu suna koya wa mata rubutu. Mu dai ba su iso namu ƙauyen ba."

Wallahi maganar ta soke ni, don da ni take. A wata tsohuwar jami'a ta mata zalla na yi karatun haɗa magunguna, a wata ƙasa can gabas da mu. Tun zamanin kakanni ta faro, ajin 'yan mata ne kawai a cikin wani gida, mutanen gari suna yi wa masu ita dariya. Yau ungozomomi da likitoci da malaman da ta yaye Allah kaɗai ya san yawansu, a Doha ma muna da dama. Al'adarta kuwa, ba a ba ki shaida sai kin je ƙauye kin zauna da mata kin koya musu karatu da tsabta. Na yi nawa, har yabo na samu, na dawo gida ina ta ba ƙannena labari. Ashe Inna tana bayan ƙyaure tana ji, ta riƙe abin shekara goma sha. Na koya wa uwayen wasu, tawa uwar tana dangwale.

Washegari na sayo littafi da fensir, na zauna kusa da ita. Ta miƙe tsam ta shige kicin. Na sake gwadawa, ta ce wa yaro, "Maigida, ka ce a daina yi mana rashin ta-ido." Raina ya ɓaci ƙwarai. Ke kika nema, an kawo, kin gudu, to ya ake so in yi? Ga shi saura mako biyar bizarta ta ƙare, na kuma san in ta koma a haka, shi ke nan har abada.

Na kira Malama. Ita ce ta kai ajinmu ƙauye a wancan lokacin, yanzu ta yi ritaya tana zaune wajen ɗanta a unguwar Mesaimeer, nan Doha. Kakanninta mutanen Haɗeja ne da suka tafi Makka a ƙafa suka yada zango a hanya, don haka tana jin Hausa, tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci. Na zazzage mata komai har da ƙorafina. Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, har yanzu kina nan da gaggawarki. Ki dafa shayi gobe bayan la'asar."

Ta zo da sandarta. Ba ta ko dubi littafin ba. Hirar Haɗeja da Katsina suka yi, da yadda ake daka fura, har aka kira magariba. Haka rana ta biyu. Ni ina kicin ina cika ina batsewa, kwanaki suna tafiya. A rana ta uku ne na ji Malama tana cewa, "Hajiya, ni ma kakata ba ta iya ba, a jami'ar nan aka koya mata da furfurarta. Yalla, bismillah." Cikin mako biyu Inna ta gane haruffan sunanta duka, tana nuna su a jikin kwalin madara. Rubutun ne ya gagara. Fensir ya ƙi zama a hannun da ya saba da muciya.

Ran nan Malama ta ƙwala mini kira. Na fito, ta ɗaga hannunta yana karkarwa. Da ma yana yi, amma ranar har da ƙari, na rantse. Ta ce, "A makarantarmu ba a koyar da rubutu daga nesa, sai an ɗora hannu a kan hannu. Nawa ya tsufa. Zo ki ara mini naki."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Malama, ai da kunya."

"Hajiya, wannan ba 'yarki ba ce yanzu. Ɗalibata ce, ni na aike ta. Khalas, magana ta ƙare."

Na durƙusa a gefenta. Na jira ta tashi, ba ta tashi ba. Na ɗora hannuna a kan nata. Yana da kaushi, da ɗumi, da wani tsohon tabon ƙuna a gindin babban yatsa wanda ban taɓa sanin yana nan ba. Shekarata talatin da huɗu, ban san hannun uwata ba. Muka ja harafin farko na sunanta ya karkace, muka ja na biyu. Hawaye ya ɗiga a takardar, nawa ne, na yi sauri zan janye hannuna in goge.

Inna ta danne yatsuna da ɗaya hannunta. Ba ta dube ni ba, amma da ni ta yi maganar, baki da baki.

"Bari. Saura uku."